Motar da Inna Ta Yi wa Magana

Motar tana nan a ƙofar gidana a Sabon Birni, ƙarƙashin dogon yaro. Tayoyinta sun daɗe da sacewa, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin hutun rana, kuma duk mai sayen tsofaffin ƙarafa da ya bi ta layinmu sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa mata gefe, ya ce, “Malam, wagga ta saidawa ta?” Da can nakan amsa musu da ladabi. Yanzu na gaji, tun daga nesa nake ɗaga musu hannu su wuce. Maiɗakina ta ce wata rana sai na mari wani a kan ƙarfen da ko tashi ba ya yi. Ƙila ta yi gaskiya.

Ni ɗan fari ne, kuma labarin motar nan ba ya fahimtuwa sai an san haka. A wajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta duban fuskarsa ta yi masa magana. Wasu matan sukan sassauta idan yaro ya girma. Inna ba ta sassauta ba ko kaɗan, don mahaifiyarta Bafulatana ce, ta gado abin har da ƙari. Da aka yaye ni, yayarta da ke aure a Isa, wadda muke kira Inna Babba, ta zo garinmu Tsamaye ta goya ni ta tafi da ni. A hannunta na tashi, a can na yi makaranta. Idan na zo hutu, Inna takan ajiye kwano a bakin ƙofa ta ce da iska, “Ga tuwon wancan.” Wancan ne sunana a bakinta. Da ƙanwata, autarmu, ta yi wayo, sai ta zama tafinta. Ina zaune, Inna tana zaune, amma sai ta ce da auta, “Tambai shi ko ya ƙoshi.”

Ban taɓa yin ƙorafi ba, don kowa haka ya taso ya gani. Amma abin yana ci mini rai, har bayan da na yi furfura. Ina ganin ƙannena suna kwance a tabarmarta suna yi mata shagwaɓa, ni kuwa sai gaisuwa daga bakin ƙofa.

Kowace shekara idan an gama girbin gero, Inna takan je Isa ta yi kwanaki wurin yayarta. Ɗan kabu-kabu ke kawo ta Sabon Birni a babur, daga nan ta shiga motar haya. Sai ciwon gwiwa ya kama ta. Wata kaka mai babur ya kayar da ita a cikin rairayi, ta daure ta ƙarasa tasha, aka cusa ta a bayan mota tsakanin mutane da buhuna. Da suka isa Isa ƙafar ta ƙi miƙewa, sai da maza biyu suka ciro ta a gaban jama'a. Wannan ya fi ciwon yi mata zafi. Ta ce ta yi sallama da tafiya. Inna Babba kuma yanar ido ta rufe mata gani, ko ƙofar gida ba ta fita. Mata biyu da suka sha nono ɗaya, tafiyar da ba ta kai wuni ba a tsakaninsu, suka koma aike. Ni nake kai daddawa da kuka, in dawo da man shanu da gaisuwa. Duk zuwan da na yi, Inna Babba sai ta laluba hannuna ta ce, “Ita hwa? Ba ta zo ba?”

A lokacin ina malamin gona, babur nake hawa. Na ce da mutane za ni sayi mota saboda iyali, yara sun yi yawa a bayan babur. Gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Kafin in tafi Sakkwato na sa auta ta yanko mini karan dawa daidai tsayin gadon Inna daga ƙasa, don a duk gidan shi kaɗai ne inda take zama ta tashi ba tare da an kama ta ba. Na sa karan a jaka ban gaya wa kowa ba.

Da taubashina na tafi, ɗan kawuna, direban motar haya ne tsakanin Sabon Birni da Sakkwato. Tun a hanya yake yi mini karatu. Kada in kuskura in sayi otomatik, don ranar da batir ya mutu a ƙauye ba ta turuwa. “Motad da ba a turawa ba motag Gobir ba ta,” in ji shi. In nemi mai tudun ciki saboda rairayin Tsamaye da Kurawa. In nemi wadda kayan gyaranta ke akwai ko a wurin bakaniken gindin bishiya. Kuma 'yar Kwatano ta fi wadda ta riga ta sha hanyoyinmu, ko da ta fi ta tsufa a takarda. Na ce to, na ce to, har ya gane ba saurare nake yi ba.

Mai wurin sayar da motocin wani Bayerabe ne haifaffen Sakkwato, Hausarsa ta fi tawa. Yana ganin zanen Gobir a fuskata ya tashi yana tafa hannu, “Lale, ga bayina sun taho gaida ubangijinsu!” Na ce masa bawa ne ke tsaron dukiya a rana, mai ita sai ya ga dama yake zuwa dubawa. Ya yi dariya ya sa aka kawo mana ruwa. Wasan da ke tsakaninmu da su ya girme mu duka, kuma ya sauƙaƙa cinikin ranar.

Taubashina ya shiga aikinsa. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa ya shinshina, ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya kwanta a ƙasa ya leƙa ciki, ya danna kowace kusurwa ya ga yadda take dawowa. Can ya tsaya a kan wata baƙa mai sheƙi, ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa kada mai wurin ya ga mun so. Wallahi motar ta yi kyau. Da don kaina ne, da ita zan ɗauka in shiga Sabon Birni ana kallo. Na buɗe ƙofar baya, na zaro karana na tsayar a jikin kujera. Ta gaza shi da fiye da tafin hannu, kuma da na zauna sai kushin ya haɗiye ni, ni mai lafiyar gwiwa sai da na dafa ƙofa na tashi. Na rufe na wuce.

Haka na bi layin nan ina buɗe ƙofofin baya ina gwada kara, taubashina yana bina yana cizon yatsa. Mai wurin ya ce, “Kai jama'a, Bagobiri ya zo sayen mota da kara. Jaki ka ɗauke ta, za ka kora?” A can ƙarshe na sami wata mai ruwan toka, ta fi baƙar tsufa, da ƙarce a gefen dama, rediyonta ba ya magana, na'urar sanyinta kuma sai dai huci. Amma ƙofarta tana buɗewa warai, kushin yana da tauri, kuma da na tsayar da kara sai ya zo daidai kamar tare aka yanke su. Taubashina ya duba injin, ya ce ba laifi, mai giya ce, cikinta da tudu, amma lagireton ya sha faci, za ta riƙa zafi. Ya ce, “Mi kag gani ga wagga tsohuwa?” Na ce ita nake so. Ya ce to Allah ya ba ni haƙurin zama da ita, don shi ba ya zuwa jan ta. Ya zo jan ta kuwa, ba sau ɗaya ba, kuma kowane zuwa sai ya tambaye ni ina karan.

Wanda bai taɓa mallakar mota a gari irin namu ba, yana tsammanin tasa ce. Ba tasa ba ce. Ranar da na shigo da ita unguwa ta cika, ana shafa ta ana addu'a, Allah ya tsare, Allah ya sa alheri, kuma cikin masu addu'ar kowa yana lissafin ranar da zai buƙace ta. Motar nan ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai amare, ta kai 'yan gaisuwar mutuwa har Alkalawa. An ɗaure rago a but ɗinta ya yi abin da rago ke yi, muka yi wata guda muna shaƙar warinsa. Buhunan gero kuwa ba a magana, har bayanta ya sunkuya. Idan na ce babu mai, sai a ce ai ga masu kwalba can a bakin hanya. Idan na ɗaure fuska, sai a ce mota ta sa malam girman kai. Na yi faɗa da mutane a kanta, na kuma yi abokai a kanta.

Ita ma tana da halinta. Da bazara ba na fita sai da jarkar ruwa, don idan allurar zafi ta fara hawa dole a nemi inuwa a buɗe mata baki ta huce. Ɓeraye sun cinye mata waya lokacin da na bar ragowar gyaɗa a ciki. Awaki sun mayar da bonet ɗinta dutsen hawa. Ƙaya ta sa na san kowane mai faci daga nan har Isa, na san wanda ke aikin kirki da wanda facinsa ba ya kai ka gida. Da damina na koyi sauka in naɗe wando in taka ruwa da ƙafa kafin in shigar da ita. Amma ba ta taɓa ƙin tashi da safe ba, ko da turi ne. Kuma har yau idan na tuna yarana a baya suna rigimar wa zai zauna a bakin taga, maiɗakina tana ɓare musu rake, sai in ji ina ma a dawo da lokacin.

Sai dai wadda aka saya dominta ba ta shiga ba. Ranar farko da na kai motar Tsamaye, gari ya fito, Inna ba ta fito ba. Na shiga cikin gida da zuga ta mata a bayana, na tsaya a bakin ƙofarta na ce, “Inna, ga mota, ki fito ki gani, gobe in kai ki Isa.” Can ta ce da auta, “A ce mai Allah shi tsare.” Shi ke nan. Na koma, na sake komawa, amsar ba ta canza ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Rago ya shiga, buhu ya shiga, maƙwabcin da ba ma ga maciji ya shiga, amma ita ko leƙowa.

Na kai ƙara wurin Inna Babba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi dariyar da ta sa ta tari. “Kai dai ba ka da wayo tun kana ƙarami. Gaban mutane kaka son ta hito ta shiga motaɗ ɗan hwari, ana guɗa? Ka aje ta bayan gida. Kak ka ce mata komi. Ka hwaɗa ma auta za ka Isa, kuma bayan mota ba kowa.”

Haka na yi. Da hantsi, lokacin da maza suka tafi gona, na zagaya da motar ta ƙofar baya inda ake fitar da awaki, na bar ƙofa a buɗe, na zauna a mazaunina ina kallon gaba. Na daɗe. Sai na ji takun sanda, na ji ƙamshin daddawar da ta ɗauro a ƙwarya. Motar ta ɗan motsa. Inna ta zauna, ba wanda ya kama ta. Ta zaɓi bayan direba daidai, inda ba za mu haɗa ido ba, ni kuma na kai hannu na karkatar da madubi gefe don kada ta takura. Auta ta shiga ta ɗaya ɓangaren tana danne dariya. Da muka isa Isa, Inna ta dafa ƙofa ta miƙe da kanta. Ban shiga ɗakin tare da ita ba. Daga tsakar gida na ji Inna Babba ta kira ta da sunan yarinta, wanda ban taɓa jin kowa ya kira ta da shi ba, sai kuka, sai dariya.

Daga nan tafiya ta dawo, ba ma sai kaka ba. Auta tana tsakani, tana isar da saƙo daga kujerar baya zuwa ta gaba. Sai aka yi wa auta aure can wajen Maraɗi. Na ɗauka tafiya ta ƙare ke nan, don ban ga yadda Inna za ta zauna da ni mu biyu a rufe ba. Duk da haka na kai motar bayan gida na bar ƙofa a buɗe. Ta shigo. Muka bar Tsamaye ba mai cewa uffan, muka wuce Sabon Birni, muka hau kwalta. Na ɗan taka mai don shirun ya dame ni. Sai na ji ta bugi jikin ƙofa da tafin hannu.

“Ke mota, gudun mi kika yi? Wa ka koro ki?”

Na ɗaga ƙafa. Na kusa fashewa da dariya, na haɗiye. Inna ta sami sabon tafinta.

Tun daga ranar bakinta ya buɗe. “Mota, ba ki ganin ramin ga?” “Mota, tsaya in sai ma yaya ƙosai.” Da tafiya ta yi tafiya sai saƙon ya wuce hanya. “Ke mota, hwaɗa ma mai ke ya rame. Ba a ba shi abinci na?” Ni ma na koya. Nakan ce, “Mota, ki ce mata ina ci, aiki ne ya yi yawa.” Ta ce, “Mota, hwaɗa mai aiki ba ya ƙarewa.” A kan wannan hanyar na ji yadda ta haɗu da mahaifina, na ji shekarar yunwa da suka ci tafasa, na ji ra'ayinta game da kowace surukarta, kuma ra'ayin ba mai taushi ba ne. Da mun sauka, shi ke nan, na koma wancan. Ban damu ba. Na fara ƙirƙiro dalilin zuwa Isa, kuma idan allurar zafi ta hau muka tsaya a inuwa, ba na jin haushin lagireton kamar da.

Bayan wasu shekaru tsaron hanya ya fara lalacewa. Kowa ya san abin da ya sami yankinmu, ba sai na faɗa ba. Aka koma tambaya kafin a fita, aka koma tafiya da rana tsaka a bi bayan wasu motoci. Zuwanmu ya ragu. Cikin haka Inna Babba ta rasu. Na kai Inna, ta zauna har aka share makoki, na koma ɗauko ta.

A dawowa ba ta yi wa motar faɗan gudu ba, ba ta nuna mata rami ba. Damina ce, gero ya yi tsayi dama da hagu. Ni ma ba na son magana, don wadda ta goya ni ce muka baro a ƙasa. Mun yi nisa sai na ji ta gyara zama, ta kama matashin kujerata kamar yadda ta saba.

“Ke mota.”

Na rage gudu.

“Ranad da yaya taz zo ɗaukar shi, daka nike. Shina kuka shina miƙo hannu, ban ɗaga kai ba, mata na kallo. Da sunka hita gari, sai nic ce za ni ɗiban ice. Nib bi su ta cikin gero awa wanga, ba wanda yag gane ni, har bakin fadama. Nan nit tsaya har kukan nai ya ɓace.”

Na riƙe sitiyari da hannu biyu.

“Yaya kaɗai tas sani, ta waiwayo ta gane ni. Yanzu ta tahi da asirin. Ki hwaɗa mai, mota. Ba don ban so nai ba na.”

Hanya ta dushe mini. Na so in tsaya, na san idan na tsaya za ta ji kunya ta yi da-na-sanin faɗa. Na ci gaba a hankali. Can na ce, “Mota, ki ce mata na ji. Ki ce mata na gode.”

Wannan ce tafiyarmu ta ƙarshe. Ba ta da sauran wanda za ta je gani a Isa, kuma ba ta ga kaka biyu bayan nan ba. Motar ta yi mini aiki har injin ya gaji, taubashina ya ce ko shi ya sallama. Ga ta nan. Masu sayen ƙarfe suna ganin kilo, ba laifinsu ba ne, kuma ba zan tsaya ina yi musu bayani ba.

Abu ɗaya ne ban gaya wa kowa ba, ko maiɗakina. A ranar, bayan na ba motar amsa, hannun Inna ya bar matashin kujera ya sauko a kafaɗata. Ya daɗe a wurin, da nauyinsa da ɗuminsa. Sannan ta janye shi da sauri ta ce, “Ke mota, bi sannu, ramin ga ya kusa kada ni.”

Na san hanyar nan kamar tsakar gidana. Babu rami a wurin.